Ɗauka ta Uku

"…Wa alaikumus salam. Wane ne wannan ke shigo mana da buhun leda da sassafe?"

"Jikanka ne, tsoho. Idon ma ya bi haƙoran ne?"

Ina ɗakin maƙwabcina Tileubai muna shan shayi mai madara da gishiri, sai ga Yerbolat, ɗan 'yarsa, ya sauko daga motar garin Olgi. Shekara shida ke nan yana aiki a birni. Ya shigo cikin wata jar riga kumburarriya mai sheƙi, ko numfashi ya yi sai ka ji ƙwaras-ƙwaras. Gaggafar da tsohon ke farauta da ita tana lungu bisa kututturenta, ido rufe da hular fata, ita ma sai da ta karkato kai.

Kowa a kwarin nan ya san abin da ya kawo shi. Gobe Kabdesh, wani mafaraucin kwarinmu, zai fita farautar yanyawa da gaggafa, ya kuma aika cewa mai neman 'yarsa Marjan ya zo a hau tare. Kabdesh ba ya tambayar saurayi sana'arsa. Doki yake ɗora shi cikin ƙanƙara ya ga yadda zai dawo. Saurayin bara, kwance bisa sirdi aka dawo da shi yana kiran sunan uwarsa. Sannan ga al'adarmu: ɗan 'ya yana da ikon ɗaukar abin da ransa ke so a gidan kakansa har sau uku, ba mai cewa uffan. Yerbolat ya ci biyu. Shi ya sa tun jiya tsohon ya kulle akwatin kayan farautarsa ya rataya makullin a wuya.

"Zauna a hankali kar ka fashe," in ji tsoho.

"Baƙin ciki kake yi. Gashin agwagwa ne a ciki, taɓa ka ji."

"Agwagwa! Wadda da sanyi ya leƙo take kwashe 'ya'yanta ta yi kudu? Wurinta ka je aron riga?"

"Masu hawa duwatsun da suka ninka naku tsawo ita suke sawa."

"Su hoto suke zuwa ɗauka. Ɗaga hannu mu ji."

Yerbolat ya ɗaga. Ƙwaras.

"Madalla. Yanyawar da ke bayan dutse na uku ta ji ka, tana gaishe ka. Kuma dubi inda ta tsaya, iya ƙugu! Gwiwoyinka fa, a birni ka baro su? Mahayi gwiwarsa ce ke fara gaisawa da iska."

"Jinina da zafi, tsoho. Ba irin naka ba da sai an ɗora a murhu kafin ya motsa."

"Zafin ne zai kashe ka, sakarai. Ka ja doki ka hau tudu, ka jiƙe da gumi, leda ba ta shan gumi. Ka tsaya ana jira, gumin ya daskare a bayanka. Sai dai Kabdesh ya kafa ka a ƙofar gida ya riƙa ɗaure doki."

"Ko ma dai mene ne, ta fi waccan rigar kyarkecin taka mai sanƙo. Ta girmi uwata. Warinta kaɗai ya isa ya kashe yanyawa, ba sai an saki gaggafa ba."

"Kyarkeci bakwai ne a jikinta, duk da hannun nan na kashe su!"

"Bara biyar ka ce. Haihuwa suke yi a akwatin? Kuma kakata ta ce babban cikinsu tsufa ne ya kashe shi, ka tarar da shi a kwance ka yi ta ihu."

Tsoho ya dafe makullin wuyansa. "Na gane ka, ɓarawon gida. Kushe ta kake don ka ɗauke ta. Na farko ka tafi da ɗan dokina mai farin goshi. Na biyu wuƙar ubana, da ita kake yanka burodi a birni. Na ukun ba za ka same shi da sauƙi ba."

"Ni? Allah ya sawwaƙe in ɓata na ukuna a kan tsumma. Abu mai daraja na ajiye wa." Ya ɗan waiwayi lungun gaggafa. Tsoho ya ja kujerarsa ya tare tsakani.

Yerbolat ya kurɓi shayi, ya ɗauki cuku busasshe yana gaigaya. "Kai dai kwantar da hankalinka. Kabdesh ya ce in sanyi ya dame ni yana da tsohuwar riga, zai ara mini. Wai ya ji asu ya gama da naka."

Shekara tara ke nan Tileubai da Kabdesh ba su sha shayi tare ba, tun ranar da gaggafarsu biyu suka sauka kan yanyawa ɗaya, kowa ya rantse tasa ce ta riga.

"Wa ya ce?"

"Kabdesh."

"Jikana? Cikin rigar Kabdesh? A gaban mutane?"

"Ai taimako ne."

"Mutumin da akuya ma kunyar ba shi fatarta take yi! Tashi tsaye! Tuɓe ledar nan!"

Ban taɓa ganin an buɗe akwati da sauri haka ba. Wandon fatar tunkiya ne ya fara fitowa, gashi daga ciki. Sai rigar kyarkecin, har ƙwauri.

"Hannun ya yi mini tsawo, tsoho. Na wani ƙaton ne ka gada?"

"A ciki za ka riƙe linzami, jahili. Zo nan." Ya naɗa masa ɗamara ya ja. "Sama a sake, ƙasa a ɗaure. In za ka hau tudu ka buɗe ƙirji, kana tsayawa ka rufe."

"Za ka raba ni biyu!"

"Sai Marjan ta zaɓi rabin da ya fi hankali. Miƙo ƙafa. Wannan kuma mene ne, takalmin rawa?"

"Daidai ƙafata aka auna."

"Shi ne aibunsa. Ƙarfen likkafa zai cinye maka yatsu kafin azahar." Ya jefo masa dogayen takalma masu safar gashin tumaki har bisa gwiwa.

"Ai ni da wani ma za mu shiga nan."

"Yatsu na son wurin motsi. Bakinka ne kaɗai ya kamata a matse."

Yerbolat ya taka ya juya, ya kama ƙugu. Sannan ya buɗe jaka. "To hula kam ba ka da irin tawa. Wannan da kaina na zaɓo."

Ya fito da ita: yanyawa sukutum, irin wadda ake sayar wa baƙi a kasuwa, gashi a waje, kai a goshi, jela tana reto a ƙeya. Ya kafa ta yana kaɗa kai.

Tsoho bai yi dariya ba. "Gobe ina za su tsayar da kai?"

"Ƙasan kwari mana. Ni ne mai koro musu nama."

"Su kuma suna bisa dutse da gaggafa. Ta Kabdesh ƙarama ce, bana aka fara fita da ita. Ta hango me yana tsalle cikin kwari?"

"Ta hango kyakkyawan saurayi."

Tsoho ya fizge hular. Ya zare wa gaggafarsa murfin ido, ya kaɗa jelar sau ɗaya, ya wurga gabanta. Kafin in ajiye kwanon shayina ta dira a kai. Farata suka shige ta wannan gefe suka ɓullo ta wancan.

Yerbolat ya shafa ƙeya. Ya sake shafawa.

"Ina kyakkyawan saurayin?" in ji tsoho. Ya cire tasa hular daga ƙusa, mai gashi a ciki da ƙyalle a waje, ya danna masa har kunne, ya ɗaure igiyar a haɓa da kansa. "Yanzu ka yi kama da mutum. Je ka gaya wa Kabdesh asu na gaishe shi."

Yerbolat ya numfasa, launin fuskarsa ya dawo. Ya juyo gare ni.

"Baba Seitkan, kai ne shaida. Tun da na shigo ɗakin nan, na roƙi wani abu?"

Na ce a'a.

"Na sa hannu na ɗauki wani abu?"

Na ce gaskiya sanya maka aka yi ta yi, har da zagi.

"To na ukuna na nan daram."

Tsoho ya dubi akwati wayam, ya dubi jikansa daga hula har takalmi. "Kabdesh ya faɗi maganar asun nan kuwa?"

"Ko sallama ba mu taɓa yi ba. Marjan ce ta ce in gwada."

"La'ananne! Kai da ita!" Ya yi tsalle ya baje hannuwa gaban gaggafa. "Wannan kam sai ka taka gawata!"

"Matsa, me zan yi da kaza mai fushi? Kai na ɗauka."

"Ni?"

"Kai. Gobe ka hau tare da ni. In an sauko, kai za ka zauna gaban Kabdesh ka sha shayinsa, ka buɗe baki ka nema mini Marjan. Ubana ya rasu, wa kake so ya yi?"

"Ba a ɗaukar mutum!"

"Abin da raina ke so a gidan aka ce. Na duba ko'ina, duk tsufanka ban ga wanda ya fi ka ba."

Tsoho ya juya yana gyara wa gaggafa hular da ba ta karkace ba, ya daɗe a haka. Da ya juyo sai ya hau faɗa.

"To da me zan fita, ɗan banza? Ka tuɓe ni tas!"

Yerbolat ya ɗauko jar rigar da hannu biyu, ya russuna.

Dariya ta ƙwace wa tsoho har da tari. Ya karɓa yana zagi, ya zura hannu, ya ja zip har wuya. Ƙwaras. Ya shafa ƙirji, ya motsa kafaɗa.

"Kai… ashe abar banzan nan da ɗumi."

Ya juyo ya nuna ni da yatsa. "Seitkan, in na ji maganar nan a waje, kai ne."