Katifarmu Ta Rasu, Garantinta Yana Raye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma gadon bayan da ya daina miƙewa sai da dabara, ni mai askin da ke jikin shagon mai walda, a madadin maiɗakina da yaranmu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da masu zuwa aski rasuwar katifarmu. Ta cika a kan gadonta da yammacin ranar da ma'aikacin kamfanin da ya yi ta ya zo duba ta. Ta rasu tana da shekara huɗu a duniya, cikin goman da aka yi mana alkawari a rubuce, da hatimi da sa hannu.

Marigayiyar ta shigo gidanmu a kan rufin mota, ɗaure da igiya, maƙwabta suna leƙe ta taga. Ban manta abin da mai shagon katifun ya faɗa ba a ranar, yana bubbuga ta da tafin hannu: "Maigida, wannan sai dai ka bar wa jikokinka. In ta lotsa kafin shekara goma, dawo min da ita ka ɗauki sabuwa." Na yarda da shi, domin ya faɗa yana kallon cikin idona, kuma ya miƙo takardar garanti mai bakin zinare. Maiɗakina ta sa takardar a leda ta ajiye a ƙasan akwati, wurin da take ajiye takardun haihuwar yara.

Duk wanda ya san marigayiyar a ƙuruciyarta zai shaide ta da haƙuri. In na dawo daga shago bayan wuni a tsaye, a sunkuye kan kawunan mutane, na zube mata da nauyina, abin da take cewa kawai shi ne "fuuu", ta karɓe ni. Yara sun yi tsalle a kanta ba ta kai ƙara ba. Ta yi jinyar zazzaɓin kowa a gidan. Ta ji faɗanmu da maiɗakina, ta ji shirinmu, ba ta taɓa kai magana waje ba, abin da ba zan iya faɗa game da wasu dangina ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne a shekara ta uku. Wani ɗan kwari ya ɓullo a tsakiyarta, muka ɗauka gajiya ce. Kwarin ya zama rami. Kowa ya kwanta a gefensa, da safe mu farka a cukurkuɗe a tsakiya, ko da kuwa jiya mun kwanta ba ma magana da juna. "Fuuu" ɗin ya ɓace, sai "ƙwas", sautin ƙashin bayana yana gaisawa da katakon gado. Daga nan ciwon ya kama ni. Mai aski da bayansa yake cin abinci, ni kuwa na kai matsayin da sai na dafa kujera nake gyara wa mutum ƙeya. Tsofaffin kwastomomina sun fara tsallaka titi zuwa sabon shagon da aka buɗe, suna ɗago min hannu daga can cikin jin kunya. Sayen wata katifar kuwa ba ya cikin abin da aljihuna zai iya, ba bana ba, ba baɗi ba.

Mun nemi magani iya ƙarfinmu. Wani magatakardan lauya da nake yi wa aski ya ce min, kumfa a haɓarsa, wanda ya sayi kaya suka lalace cikin garanti yana da haƙƙin a gyara masa, ko a sauya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Na koma wurin mai shagon da wannan ilimi. Ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya kamar bai taɓa ganin irinta ba, ya ce shi mai sayarwa ne, maganar garanti ta kamfani ce. Kamfani suka ce in turo hoto. Na tura, suka ce hoton ya yi duhu. Na sake turawa, suka ce wanda ke duba hotuna yana hutu. Na yi ta kira har na haddace kiɗan da suke sa wa mai jira. A ƙarshe suka sa ranar da ma'aikacinsu zai zo, suka kuma gargaɗe ni cewa sau ɗaya ake zuwa dubawa, abin da ya rubuta shi ne hukunci.

Da safen ranar, kafin in fita buɗe shago, na ce wa maiɗakina: "Mutanen nan dalili suke nema. Kada ya samu abin da zai ce ba mu kula da ita ba." Ta ce, "Ka bar min wannan."

Masu karatu, maiɗakina mace ce da ba a taɓa shiga ɗakinta aka ga abin faɗa ba. Ko mai gyaran wuta zai zo sai ta goge fanka. Tana jin baƙo daga kamfani zai shiga har uwar ɗaka, ta ja marigayiyar zuwa rana ita kaɗai, ta shanya ta har ta kumbura, ta kaɗe ta da sanda, ta juya ta. Ta ninke tsofaffin zannuwanta da bargon yara ta jera su a ƙarƙashi, daidai wurin ramin. Sannan ta shimfiɗa zanen gadon da take ɓoyo saboda ranar baƙi. Da na shigo tare da ma'aikacin, na ga katifar da rabon da in gan ta tun ranar da aka sauke ta daga rufin mota. 

Ma'aikacin matashi ne mai ladabi, ya cire takalmi a bakin ƙofa. Ya yaye zanen, ya gitta wani dogon ƙarfe a kan marigayiyar, ya zura tef ɗin awo tsakanin ƙarfen da soso.

"Baba," ya ce, "ƙa'idar kamfani sai ramin ya kai zurfin yatsa huɗu, ba kowa a kai. Wannan ko biyu bai kai ba. Lafiyarta ƙalau."

"Ɗan nan, wallahi ba haka take ba," na ce. "Tsaya ka gani."

Na ɗaga gefenta na shiga zaro zannuwa da bargo ina zubarwa a ƙasa, ina jin daɗin na kama gaskiya a hannu. Yaron ya fito da waya ya ɗauki hoton tarin tsumman.

"Baba, da ma ba ka nuna min wannan ba. Yanzu dole in rubuta cewa an ɗora ta a kan shimfiɗar da ba ta daidaita ba. Wannan shi kaɗai ya soke garanti."

Na yi masa rantsuwa cewa yau ne kawai. Ya ce ya yarda da ni, amma takardarsa ba ta da wurin rubuta yau ne kawai. Maiɗakina tana tsaye a bakin ƙofa da ruwan da ta kawo masa. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "To da sai in bar baƙo ya shigo ya ga a rami muke kwana?" Ma'aikacin ya karɓi kofin. Ya sha ruwan, ya yi godiya, ya sa takalminsa.

Kafin rana ta faɗi zafin shanyar ya fita daga jikin marigayiyar. Ta sauka a hankali a gaban idonmu, ta koma ramin da muka sani, har ya fi na da zurfi. Na zura hannu, ya shanye yatsuna huɗu da tafin gaba ɗaya. Ba ta ƙara tashi ba.

Don kada a ce ban bi mata haƙƙinta ba, na je ofishin da ke karɓar ƙorafin masu saye. Wata baiwar Allah a bayan tebur ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Malam, haƙƙinka yana nan, ba wanda ya taɓa shi." Sai dai rahoton kamfani ya ce laifin gida ne, kuma rushe shi sai an ɗauko ƙwararre mai zaman kansa, a je gaban alƙali. Na tambayi abin da hakan zai ci, na gane ya ishi mutum sayen katifa har da filo. Na yi mata godiya na dafa tebur na miƙe.

Marigayiyar ta rasu ta bar filo biyu, da gado ɗaya, da ciwon bayan da ta raina tun yana ƙarami, yanzu ya girma yana bin ni shago kullum. Ta bar ni da maiɗakina a kan tabarma, inda babu ramin da zai gangaro da kowa wurin kowa. Maiɗakina tana kwana tana kallon bango, na ce mata ba laifinta ba ne, ta ce ta sani. Marigayiyar ta kuma bar takardar garanti, cikin ƙoshin lafiya a ledarta, da sauran shekara shida a gaba.

Za a fitar da gawar ranar da shago ba ya buɗewa, da hantsi, a kan baron mai kwasar shara, zuwa wurin mai gyaran kujeru na bakin kasuwa. Ya ce gefunanta huɗu za su yi matasan kujeru, tsakiyar kuwa ba ya so ko kyauta. Na roƙe shi ya yanko min guda ɗaya in ɗora a kan kujerar jira ta shagona, tunda yanzu ni na fi kowa zama a kanta.

Ana karɓar gaisuwa a gida bayan an dawo. Muna roƙon masu zuwa kada kowa ya ɗago maganar zannuwa ko bargo a gaban maiɗakina. Za ku tarar da ƙofar ɗaki a buɗe, gado a gyare tsaf, zanen baƙi a shimfiɗe ba ko lanƙwasa, filo biyu a jere. Don Allah kada wanda ya zauna a kai. Babu komai a ƙarƙashin zanen sai katako.