Rasuwar Ɗan Gata, Mai Ɗumama Abinci Ba Wuta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ko dai in ce ya kai mata rabi, ni tsohuwar ɗakin bakin ƙofa, a madadin ɗana malamin makaranta da matarsa da jikokina, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar akwatin ɗumama abincinmu, wanda masu karatu ke kira maikirowef, ni kuwa nake ce masa Ɗan Gata. Ya cika ranar Talata da la'asar a kan kantar kicin, yana da shekara biyu da wata huɗu a gidan nan. Ni kaɗai ce a kansa.

Marigayi ya shigo gidan ne a kwali, mutum biyu na riƙe da shi, ana ta cewa a yi a hankali. Ni ranar da na tare a gidan da ciwon gwiwata ban ji wanda ya ce a yi a hankali ba. An ba shi wuri kusa da taga, aka kira mai gyaran wuta ya ja masa soket nasa shi kaɗai, alhali na ɗakina har yau sai na tokare shi da guntun kwali. Matar ɗana ta ɗinka masa riga mai furanni, tana goge shi safe da yamma da tsumman da ba a taɓa komai da shi. Ba hassada nake yi ba, abin da idona ya gani nake faɗa.

A faɗi alherin mamaci. Bai taɓa yin hayaƙi ba, bai baƙanta gindin tukunyar kowa ba, ba a taɓa jin ya ce ya gaji ba. Ba shi da yawan magana. In ya kama aiki sai ka ji "huuum", faranti na juyawa a cikinsa, in ya gama ya ce "tin, tin, tin" ya yi shiru. Da wannan tin uku ya fi ni iya kiran ɗan da na haifa. Ni sai in kira sau biyar a ce mini ana zuwa, shi kuwa kafin ya kai ta uku an iso gabansa.

Ga wanda bai san gidan ba, ga yadda muke kafin zuwansa. Matar ɗana aikin yamma take yi a kantin magani, sai ta dafa abinci da rana ta rufe ta tafi. In ɗana ya dawo ƙarfe shida, sai ya ɗauko kwanonsa ya shigo ɗakina, in kunna ɗan rishona. Risho ba ya gaggawa. Minti ashirin yake ɗauka kafin miya ta yi zafi, a cikinsu kuwa nake ba shi labarin layinmu kaf, shi ma ya gaya mini malamin da ya yi faɗa da shugaban makaranta da abin da ya haɗa su. Da Ɗan Gata ya zo, ashirin ɗin nan ta koma biyu, biyun ma a kicin. Ɗana ya ci a tsaye, ya leƙo da kansa kawai ya tambayi gwiwata, kafin in ce da sauƙi ya wuce. Labarin rabuwar mai wanki da mijinta sai da ya yi wata uku a cikina ban sami mai karɓa ba, har suka shirya.

An ce ni na ɓata wa marigayi suna a unguwa. Ina so in wanke kaina tun yana kwance. Ni dai tambayar mai ɗinkin ƙarshen layi na yi, ko ta taɓa jin abinci ya yi zafi ba wuta ba garwashi kuma a ce lafiya ƙalau. Ita ta kai wa matar mai kanti. Kafin mako ya zagayo magana ta dawo mini cewa yana dafa hanjin mutum, yana zubar da gashi, wai har akwai gidan da maigidan ya yi sanƙo saboda shi. Na san gidan. Mutumin nan ubansa ma mai sanƙo ne, amma ba a tambaye ni ba.

Jikata mai aikin jinya ce ta zaunar da ni, ta ce mini tsohuwa mai neman fitina. Ta ce ba abin da yake yi wa abinci sai zafi, muddin ƙofarsa na rufuwa da kyau. A dai riƙa juya abincin, don sau da yawa gefe ya yi zafi tsakiya na nan da sanyi. Kada a sa ƙwai da ɓawonsa, kada a sa kowace irin roba, uwa uba kada a sa ƙarfe. Maganar ƙarfen nan sau biyu ta maimaita. Allah ya yi mata albarka, yarinya ce mai bayani dalla-dalla.

Rashin lafiyarsa ba ta yi tsawo ba. Ranar Talatar ba kowa a gida, sai na ce bari in je mu shirya, shekara biyu ana gaba a gida ɗaya ai ba kyau. Na zuba shinkafar ɗana a kwanon silbar mahaifinsa, na sa cokali a ciki, na miƙa wa marigayi, na danna inda na ga suna dannawa. Ni a sanina ƙarfe shi ne na gado da na ƙofa, kwano kuwa kwano ne. Ya fara "huuum" kamar yadda ya saba, sai ya koma "tas, tas, tas", wata walƙiya shuɗiya tana wasa a cikinsa. Ban san inda ake kashe shi ba, gwiwata kuma ba ta sauri. Na tsaya a kansa har ya ce "fut". Na ɗan jira ko zai ce tin. Bai ce ba.

Ya rasu ya bar farantin gilas guda, da rigarsa mai furanni, da littafin bayaninsa da ba wanda ya taɓa karantawa, da matar ɗana wadda kwana biyu ke nan tana gaishe ni ba ta kallon fuskata, da jikoki uku da yanzu za su koyi kunna ashana. Ya kuma bar abokin aikinsa, tsohon rishona, wanda ya karɓi labarin da dangana, ya kama da ashana ɗaya.

Mai gyara ya zo ya buɗe shi, ya shinshina, ya ce sai haƙuri. Jiya da yamma ɗana na zaune a ɗakina miya na kan risho, ya daɗe yana juya kwanon silbar yana duban inda ya yi baƙi, sannan ya ce: "Inna, da kin ce in riƙa zama, ai da na zauna." Na ce masa uwa ba ta roƙon ɗanta irin wannan, ya rage wutar kada miyar ta kama. Ya rage ta sosai, fiye da yadda na ce. Mun kai rabin awa.

Za a fitar da marigayi ranar Asabar da hantsi, cikin kwalin da ya zo da shi, zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Matar ɗana ta ce ƙarshen wata za a kawo magajinsa, kuma za a sa wa kicin kwaɗo. Ana karɓar gaisuwa a ɗakina kowace rana, ban da ƙarfe shida zuwa shida da rabi, lokacin ina da baƙo. Wanda kuma ya san inda ake sayar da irinsa da araha, ya taimaka ya riƙe bakinsa, kamar yadda ni ma na saba riƙe nawa.