Motar da Ba Ta Shan Mai

Wani ne a wajen Dingyaɗi, manomin albasa, zamanin mulkin farar hula da kuɗi ke yawo kamar ba za su ƙare ba. Shekarar nan albasa ta yi tsada a Kudu, shi kuma fadamarsa ta yi kyau. Kuɗi suka shigo masa fiye da hankalinsa. Tun bai sayar da buhun ƙarshe ba ya ce shi da jaki sun raba hanya, mota zai saya.

Ya biya Boɗinga wajen Mainasara bakanike, wai neman shawara, alhali so yake kawai a ji labari a tasha. Mainasara ya gaya masa sayen mota ba wuya, ciyar da ita ne aiki. Ya ce kafin ya biya, ya tambayi yadda take shan mai a irin hanyar ƙauyensu mai rairayi, ba a kwalta ba. Mutumin naku ya fito yana cewa hassada ce.

A Sakkwato dillali ya zagaya da shi. Ƙananan motoci ya ce na malaman makaranta ne. Jif kuma ya ce sai ka ce mai yi wa shanu allura. Can ya hango wata a gefe, mai dogayen ƙafafu da ƙaton ciki, ita ba jif ba, ita ba ƙaramar mota ba.

Dillali ya shafa mata baya ya ce, "Wagga ruwa-biyu ta, Alhaji. Ubanta jif, uwatta ƙaramar mota. Ta ɗauko ƙarhin uba, ta ɗauko ƙaramin cikin uwa."

Mutumin bai taɓa wuce Gusau ba, amma Alhajin nan ya shige shi har ƙashi. Da ƙyar ya tuna ya tambayi shan mai.

"Sha? Wagga ba ta sha, shinshinawa ta ka yi. Galan guda, Sakkwato har Shagari, ka komo da saura."

Nan take ya biya. Dillali ya sa aka cika masa tanki kyauta, bai ma gaya masa ba. Wani direban akori-kura ya nuna masa giya da birki a fili, ya ce saura sai a hanya.

To, mutumin ya ɗan taɓa yaƙi da jahilci, ya san baƙaƙe. Da ya zauna ya dubi agogon mai, ya ga F a gefe guda, E a ɗaya gefen, allura kuwa tana kan F. Ya yi tunani mai zurfi. F dai fanko ke nan. E kuwa, ai a fili take: e, akwai. Ransa ya ɓaci, wato dillali ya sallame shi da fankon tanki. Ya shiga gidan mai na farko ya ce a cika. Mai zuba man ya sa tiyo, mai ya tumbatso ya jiƙa masa takalmi. Ya ce ai motar a cike take. Mutumin ya ce ƙarya ne, ɓoye mai suke yi don su sayar wa 'yan uwansu. Ya ja mota ya kama hanya yana addu'a ta kai shi ko Boɗinga ne.

Yana cikin tafiya sai ya ga abin mamaki. Allura ta bar F, tana rarrafawa wajen E. Ya ƙara wuta, ta ƙara matsawa. Ya tsaya ya murza ido, ya sake dubawa. Babu shakka. Motar nan ba shan mai kawai ta ƙi ba, haifar sa take yi.

A tashar Boɗinga ya tara jama'a ya ba su labari. Ya ce duk wanda ya sayi wata mota ba irin wannan ba an cuce shi. Ya yi wa masu babura alkawarin idan ta cika zai riƙa tatsa yana sayar musu da rahusa. Har tsohuwar ganga ya saya ya ajiye a zaure don zuba rara. Daga nan ya shiga aikin cika ta. Boɗinga, Sifawa, Shagari, ya juyo. Duk wanda ya gani a bakin hanya sai ya ɗauka kyauta, har da wanda ba shi da niyyar zuwa ko'ina.

Ranar da allura ta kwanta sosai a kan E, yana kusa da Lambara, ga buhunan albasa har rufi, ga rana tsaka. Mota ta yi tari, ta yi shaƙuwa, ta mutu a cikin rairayi. Bai damu ba ko kaɗan. Ya ce ƙoshi ne ya yi mata yawa. Ya zaro tiyo ya zura a tanki, ya durƙusa yana zuƙa don ya rage mata. Ya zuƙa, ya zuƙa, babu abin da ke fitowa sai tururi. Idanunsa suka yi ja, ya fara ganin bishiya ɗaya ta zama uku. A haka Mainasara, da wani mai keke ya kai wa labari, ya same shi zaune a ƙasa da tiyo a baki.

Mainasara ya leƙa agogo, ya saurari bayanin fanko da akwai har ƙarshe. Sai da ya riƙe ƙofar mota don dariya, sannan ya gaya masa ya karanta abin a juye, tun daga Sakkwato man da aka ba shi kyauta yake ƙonawa.

Mutumin ya ce, "To, ita E ɗin mi ta ka nuhi?"

Mainasara ya ce, "E, ya ƙare."

Daga ranar ya san abin da ya saya. Galan ɗin da aka ce zai kai Shagari ya dawo, ko Sifawa ba ya kaiwa da daɗi. Idan ta shiga rairayin Dingyaɗi kuwa, da idonka za ka ga allura tana saukowa. Ba a jima ba zamani ya juya. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. Sabulu, madara, sukari, duk sai an bi layi, a kai kanka a ce sun ƙare. Albasa ta faɗi, mai ya yi wuya. Mota kuma ta fara nuna halin ruwa-biyu. Taya ta fashe, aka kawo ta jif ta yi mata yawa, aka kawo ta ƙaramar mota ta yi mata kaɗan. Kowane ƙarfe nata sai an aika Legas. Ya sayar da bijiminsa, ya sayar da injin ban-ruwa, duk suka shige cikinta, ko gyatsa ba ta yi ba.

Ya koma wa dillali da faɗa. Dillali ko gezau, ya ba shi kujera ya shiga yi masa tambayoyi. Yana ɗora mata kaya? Yana bin rairayi? Yana taka birki? Yana tafiya iska na gabansa? Duk ya amsa e. Dillali ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa. Ya ce ai waɗanda suka ƙera ta a wofi suka auna ta, a hanya sumul, ba kaya, ba birki, ba iska, da direba siriri. Da ya zo kan siririn, sai ya tsaya yana kallon tumbin mutumin.

Mutumin ya ba da haƙuri ya tafi. Ashe laifinsa ne.

Yana isa gida ya cire kujerun baya. Ya cire safaya da jak. Ya ga da sauran nauyi, ya ɓalle ƙofofi ya jingine su a garka. Matarsa Hasiya, wadda sau ɗaya tak ta taɓa shiga motar, aka ce ta haƙura, nauyinta ya yi yawa. Shi ma ya daina cin tuwon dare. Kafin ya fita sai ya ɗebi ƙasa ya watsa sama ya ga inda iska ta nufa. In ta nufi Shagari, Shagari za shi, ko da kuwa a Boɗinga ake jiransa. Birki kuwa ya yi masa saki. Sai ya zo ya wuce ƙofar gidansa yana ɗaga wa mutane hannu, sai inda mota ta ga dama ta tsaya. Wata rana rumbun maƙwabcinsa ne ya tsayar da ita. Aka sha sulhu gaban mai gari.

Duk da haka tana sha.

Mafita ta zo masa ne a tashar Boɗinga. Ya sha wahala ya samo galan guda ya zuba, sai batir ya ƙi tashi. Ya kira wasu ƙarti huɗu 'yan dako su tura. Suna turawa yana kallon agogo. Mota na tafiya, allura ko motsi. Suka ce ya sa giya mana ta tashi. Ya ce a'a, su ci gaba a haka. Har ƙofar gida suka kai shi, allura na nan inda take. Ya fito yana murmushi irin na wanda ya gano abin da ya gagari Turawa.

Suka daidaita da ƙartin. Kuɗi babu, amma ciki nasu a wuyansa. Fura da safe, fura a hanya, fura in an dawo.

Sai ku ga abin a kan kwalta. Shi a gaban sitiyari cikin babbar riga, ba ƙofa ba kujerar baya, yana danna oda. Ƙarti huɗu a baya, gumi kamar an tsamo su daga gulbi. Masu jakuna su zo su yi masa sannu su wuce. Wata tsohuwa da sanda ta cim masa wajen Lambara, ta tambaye shi ko yana da saƙo Shagari ta kai masa. Kafin ya isa kasuwa an watse, albasa ta fara tsiro a buhu. Bai taɓa damuwa ba. Duk wanda ya tsaya sai ya jawo shi ya nuna masa allura.

A gida kuwa turmi bai ƙara hutawa ba. Hasiya daka, Hasiya dama, Hasiya aiken neman nono rugar Fulani. Hannayenta suka yi kanta. Geron da aka ajiye don ya kai su kaka ya sauka, har sai ta shiga rumbu da kanta kafin ta ɗebo. Ta yi magana, ya ce mata ba su san lissafin mota ba. Shi dai agogo yake dubawa, bai taɓa leƙa rumbu ba.

Labari ya kai kunnen wani Alhaji Nuhu, falken hatsi a Shagari, wanda shi ma ke son sayen mota mai iya bin ƙauye. Ya taso takanas ya yi sallama. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ga motar a waje, ga ƙartin kwance a inuwarta suna jiran a kawo furar rana. Daga bayan danga ana jin lugude.

Bayan gaisuwa Alhaji Nuhu ya ce, "Malam, irin taka ni ka son saye. Don Allah hwaɗa mani gaskiya, ƙaƙa shan manta?"

Mutumin ya gyara zama, ya gyara hula. "Alhaji, ko ɗigo. Galan guda ya kwan biyu cikinta, tashi ka gani da idonka."

Lugude ya tsaya. Muryar Hasiya ta taso daga bayan danga.

"Gaskiya shi ka hwaɗi, Alhaji, ta bar mai. Hura ta ka sha yanzu, ƙwarya shidda zuwa Lambara, kuma in ba sukari ba ta tashi."