Ranar da na kai kalkulas walimar Lawal

Ba zan taɓa mantawa ba da walimar auren abokina Lawal a Jibiya, lokacin ina aji biyu a kwaleji, ina karatun lissafi. A zangon nan aka fara koya mana kalkulas da jerin lambobin da ba su da ƙarshe, ni kuwa kaina ya kumbura. Ko shayi na je sha sai na yi wa mai shayi bayanin yadda ake auna cikin kofi (bai taɓa tambayata ba).

Amaryar 'yar Maraɗi ce. Danginta sun tsallako boda da motoci cike, maza suka zauna a ƙofar gida kan tabarmi, mata na ciki, an ɗaura lasifika a kan katanga don kowa ya ji. Da aka ce babban abokin ango ya yi jawabi, sai na miƙe na gyara hula.

Na ce, "Jama'a, aure lissafi ne. Ku ɗauki rabi, ku ƙara kwata, ku ƙara rabin kwata, haka dai har abada. Kullum kuna matsawa kusa da ɗaya. To haka Lawal da amaryarsa. Kullum za su riƙa kusantar zama ɗaya, amma har abada ba za su kai ba!"

Na tsaya ina jiran tafi. Ba wanda ya tafa. Har kukan babura a bakin titi ana ji.

Kawun amarya, wani dattijo mai farin gemu, ya ajiye cokali ya ce, "Yaro, mi ka ce? Ɗiyarmu da mijinta ba su zama ɗaya?"

Mai hankali da ya ba da haƙuri ya zauna. Ni sai na ga dama ta samu in ƙara haske.

"A'a Baba, ba ku gane ba. A ilimin da muke yi, in kana son sanin girman abu, sai ka yayyanka shi ƙanana-ƙanana, sannan ka tattara."

"Wa za a yayyanka?"

Daga cikin gida na ji wata mata ta rafka salati. Ashe gwaggon amarya ce, lasifika ta kai mata komai. Nan take ta ce a fito da akwatuna, ba za ta bar yarinya a garin da ake mata mugun baki tun ranar farko ba, gara su koma tun ba a rufe boda ba. Direbobi suka fara tada mota.

Lawal ya damƙe hannuna, idonsa jawur. "Mutumina, me na yi maka? Shekara nawa ina zarya Maraɗi kan yarinyar nan?"

Sai da liman da mahaifin Lawal suka yi ta roƙo kafin aka kashe motocin, bisa sharaɗin in janye maganata a bainar jama'a. Haka na koma gaban lasifika, na ce, "Jama'a, ƙarya nake. Za su zama ɗaya. Kuma ba wanda za a yanka." Aka tofa mini addu'a kamar mai aljanu, aka ƙwace abin maganar.

Da hutu ya ƙare na ba malaminmu labari, ina neman ya tausaya mini kan yadda mutane ba sa daraja ilimi. Ya dube ni ya ce, "Ai jimillar jerin nan ɗaya ce cif. Kana ina lokacin da na koyar?"

Wato ba auren kaɗai na kusa rusawa ba, lissafin ma ban iya ba. Kwas ɗin kuwa sai da na maimaita shi.

Lawal da matarsa suna nan lafiya da 'ya'yansu, sai dai ko suna aka yi a gidan, aikina raba goro. Na kuma koyi cewa abin da ka ji rabinsa a aji, kada ka kai shi gaban surukan mutane, balle ta lasifika.