Tusar Jaki a Wuyan Doki

"Ni ba na magani da ka," in ji Mati. "Abin da aka rubuta a jikin roba, shi nake bi. Kamfani ba ya ƙarya."

Ka san irin mutanen nan da suka yi aji uku a firamare suka hana gari sakat? To Mati ne, Likita Bokan Turai na ƙauyenmu a gefen Kunci.

Alhaji Umara yana da wani farin doki da ɗansa zai hau ranar ɗaurin aurensa, jibi-jibin nan. Sai ga tsiro ya fito masa a wuya, irin wanda muke kira tusar jaki. Alhaji ya ce a kira malamin dabbobi daga Bici.

"Ina raye?" in ji Mati. "Man kaɗanya da tafarnuwa, an gama."

Ya faɗa ɗakin matarsa Sauda ba ta nan, ya suro wata roba. Ya ɗaga ta a gaban jama'a yana bin rubutun da yatsa: "Man kaɗanya zalla, ba haɗi."

Alhaji ya shinshina. "Mati, wannan warin ba na kaɗanya ba ne."

"Alhaji, hancinka ya fi rubutu ne?"

Gogan naka ya laɓta wa dokin tun daga kunne har ƙirji. Don ya kunyata masu shakka, ya dumbuzo saura ya murje gemunsa da shi, har da gashin baki.

Ba a jima ba aka zo wankewa. Ruwa na sauka, gashi na bin sa. Wuyan doki ya fito tal kamar bayan ƙwarya, tsiron kuwa ya zauna daram a tsakiya, kowa na gani daga nesa. Mati ya shafa haɓa don ya yi tunani, gemu ya biyo hannunsa.

Sai ga Sauda da mayafi a hannu. "Malam, ina robata? Man cire gashi na juye a ciki, tasa ta fashe."

Wallahi na tausaya wa angon, a ƙasa ya je ɗaurin aurensa. Alhaji dai ya dubi tsiron, ya dubi Mati, ya ce, "To alhamdu lillahi. Tusar tana nan, amma yau mun ga jakin."