Zarton Kawu

"…Lafiya lau, ya gida, ya masu jiki? Af! Ashe kai ne. Maido mini da gaisuwata, na zaci mutum ne."

Mai Sanyi ya ƙarasa hawa matakalar shagon, guda uku, yana dafe da bango. Ya fi shekara arba'in yana gyaran firiji a layin baya, har sunan aikin ya danne na yanka. Tsohuwar da ta tarbe shi da wannan magana, tana zaune bayan kantar sayar da kaya, tsakanin kwalayen ƙusa da damin bututu, ƴar kawunsa ce, taubashiyarsa, mai sayar da kayan aiki a shagon da mahaifinta ya bari. Tun suna yara ba su taɓa yin gaisuwar arziki ba, kuma ba yau za su fara ba.

"Riƙe abarki, ko kyauta ba na so," ya ce yana haki. "Ƴar Kawu, har yanzu masu sayen tsohon ƙarfe ba su zo sun auna ki ba?"

"Sun zo. Na ce su fara ta layin baya, can tsatsar ta fi yawa. Durƙusa ka gaida uwargijiyarka, ɗan mace."

"In na durƙusa wa zai ɗaga ni?"

"Wa ya ce za a ɗaga ka? Dama matakalata ta yi kaɗan."

Ya zauna a kan benci, ya zaro wani ƙunshin tsumma daga hammatarsa ya kwance. Zarto ne na yankan ƙarfe, tsoho, ƙotarsa ta katako ta yi baƙi ta yi santsi, har wurin yatsu ya lotsa. Ba baki a jikinsa. Ya ajiye shi a kan kanta da hannun hagu. Na dama yana cikin aljihu, inda ya saba zama kwanan nan.

"Ba ni bakin zarto. Mai ƙananan haƙora. Biyu."

"Babu."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ke bayanta, inda suke rataye dami guda.

"Waɗancan fa? Ado kika yi da su?"

"Na mutane ne."

"Ni aljani ne?"

"Aljani ma yana da kunya. Ran Litinin ka karɓi biyu, ran Laraba biyu, yau ga ka. Tauna su kake yi? Dama shi ya sa bakinka ya koma kango."

"Kayanki ne na banza. Ƙarfen yanzu ko karan tsintsiya ya fi shi."

"Kowa ya saya sai ya yi wata da shi. Kai kaɗai suke karye wa. Ko fuskarka suke gani su firgita?" Ta gyara tabarau. "Fito da hannun nan."

"Wanne?"

"Wanda ka ɓoye kamar ka saci nama a tukunya."

"Hannuna ne, ba na haya ba."

Bai fito da shi ba. Amma aljihun yana ɗan motsi shi kaɗai, kamar an sa ɗan tsako a ciki. Ƴar Kawu ta kau da kai, ta dubi titi, inda wani mai kura ke fama da lodin buloli.

"Babban ɗanka ya biyo ta nan jiya."

"Allah ya yi masa albarka. Me ya saya?"

"Kwaɗo ya nema. Babba, irin na ƙofar shago."

Mai Sanyi ya dubi kwaɗunan da ke jere a bango, manya da ƙanana, suna walƙiya.

"Kika ba shi."

"Na ce babu."

Ya san inda zancen ya fito. Firijin wani mai kifi da ya gyara sau biyu yana dawowa. Duka biyun abu ɗaya ne: garin ƙarfe ya shiga bututun jan ƙarfen da ya yanka, ya je ya toshe siririyar hanyar gas, sanyi ya ɗauke, kifin bawan Allah ya ruɓe. Kawu ya koya masa yadda ake yi tun yana saurayi: ka karkata bakin bututu ƙasa, ka yanka, ka buga sau uku, ka hura. Haka yake yi har yau. Sai dai hannun ya daina tsayawa wuri ɗaya, numfashin kuma ba ya kaiwa ƙarshen bututu. Ɗan nasa bai ɗaga murya ba. Cikin ladabi ya ce, Baba, in ya dawo na uku sai ka huta haka nan. Mai Sanyi ya san hutun. Ya ga tabarmar, ya ga bangon da za a jingina shi.

"Ba don Allah kika hana shi ba," ya ce. "Kin san in aka rufe ni ba ki da wanda za ki zaga."

"To da. Wa zai yar da bawan gado?"

Ta sunkuya ƙarƙashin kanta, ta fito da abubuwa uku ta jera masa. Duk ƙirarsu ɗaya: baki a wangame kamar na ƙugiya, ɗan faifai mai kaifi a gefe guda, ƴan tayoyi biyu a ɗaya gefen, da marfi a gindi wanda ake murɗawa.

"Mayankin bututu. Zaɓi."

"Kayan wasan yara. Na gan shi a hannun ƴan bana-bakwai. Ni da zarto aka yaye ni."

"Da shi kuma za a rufe ka, kafin sati. Zaɓi, na ce."

Ya kai hannun hagu ya ɗauki mafi girma, don dai ya nuna mata.

"Na sani! Tun kana yaro babban ƙashi kake wawura. Wannan na bututun ruwa ne, baƙin ƙarfe. Yaya za ka juya shi a bayan firiji? Sai dai ka rushe bangon mutane."

Ya ajiye, ya ɗauki mai jan fenti, mai sheƙi.

"Karkaɗa shi a kunnenka. In akwai sauran kunnen."

Ya karkaɗa. Wani abu ya yi ƙas-ƙas a ciki.

"Ka ji? Faifan rawa yake yi. Ba zai koma kan layin da ya fara ba, sai ya yi ta zagaye yana hawa kamar kurangar inabi. Kai kana rawa, shi yana rawa, wa zai yi kiɗa?"

Maganar ta faɗi tsakaninsu. Ita ma ta ji nauyinta, don ta ɗauki tsumma ta hau goge kantar da ba ta da ƙura.

"Kuma kina sayar wa mutane da shi," ya ce a hankali.

"Ina sayar wa wanda bai tambaye ni ba."

Saura na uku, ƙarami, mai launin toka, ba wani kyau. Da ya ɗauka sai ya ga an naɗe marfinsa da robar taya, zagaye bisa zagaye, har ya yi kauri ya cika tafin hannu. Robar ta kwanta ta yi ƙura. Ba naɗin jiya ba ne, ba kuma na makon jiya ba. Ya dube ta. Tana can tana gugar kantar.

"Wane maƙeri ne ya yi wa wannan rawani?"

"Haka ya zo daga kamfani. Ga bututu, gwada, kada ka cika ni da surutu."

Ta miƙo masa guntun bututun jan ƙarfe. Ba makawa, ya fito da hannun dama. Babban yatsan a ɗaure yake da tsumma, jinin ya bushe ya yi baƙi. Ya sa bututun a bakin mayankin, ya kama marfin ya murɗa, ya ƙara murɗawa, ya cije leɓe ya danna da ƙarfin da ya saba ba zarto. Bututun ya lotsa, bakinsa ya koma kamar na kifi.

"Innalillahi! Yanka aka ce ka yi, ba shaƙewa ba! Me ya yi maka?"

"Na faɗa miki kayan wasa ne."

"Kai ne dai ba ka san komai ba sai ƙarfi. Tun asali. Kawo nan."

Ta karɓa. Yatsunta sun tsufa kamar nasa, amma a tsaye suke. Ta sa wani wurin, ta murɗa marfin har faifan ya ɗan taɓa jikin bututun, ta tsaya.

"Taɓawa kawai. Kamar gaida mara lafiya. Sai ka zagaya, ka bar shi ya shata wa kansa hanya. Ka zagaya kuma. Sannan ka ɗan ƙara, kaɗan, ba irin cin abincinka ba. Da zarar ya shiga layinsa, ko girgizar ƙasa ake ba zai fita ba."

Ta zagaya sau bakwai ko takwas. Guntun ya faɗo a tafinta ba ko ƙara. Ba gari, ba ɓurɓushi. Ta zaro wani ɗan harshe daga bayan mayankin ta share leɓen ciki, sannan, ba tare da ta yi tunani ba, ta tsayar da guntun a kan kanta.

Guntun ya tsaya cak.

Gwajin Kawu ke nan. Suna yara, yakan ba su bututu su yanka, ya tsayar da guntayen a kan wannan kantar. Wanda ya miƙe, yankan ya yi. Wanda ya karkata, a sake.

"Har yanzu dai," in ji Mai Sanyi.

"Har yanzu me? Nawa bai taɓa karkata ba. Naka kuwa kullum kamar mashayi ya fito daga gidan giya."

"Amma ni aka ba zarton."

"Kai aka ba." Muryarta ba ta canza ba. "Ina tsaye nan, inda kwalin ƙusar nan yake. Ya ce ke mace ce, riƙe kanta. Na riƙe. Shekara hamsin ina sayar wa maza kayan da na fi su iya riƙewa, kuma sati-sati ɗan gwaggona yana zuwa ya shimfiɗa mini zarton ubana a gabana, ya ce in sa masa baki."

"Ban roƙa ba."

"Ba ka kuma ce a'a ba."

Mai kura ya wuce. Wani ya leƙo yana neman ƙusa, ya ga fuskokinsu, ya ce zai dawo.

Mai Sanyi ya jawo mayankin. Ya sa bututun, ya murɗa marfin, robar ta zauna masa daidai a hannu. Faifan ya taɓa. Hannunsa ya so ya ƙara, ya hana shi. Ya zagaya. Bututun yana kaɗawa, mayankin yana kaɗawa tare da shi, amma siririn layin da ya fito guda ɗaya ne, ya koma ya haɗu da kansa.

"Kaɗan," ta ce. "Kaɗan, jaki."

"Yi mini shiru, mujiya."

Sau goma sha biyu ya zagaya. Guntun ya faɗo a cinyarsa. Ya share leɓen ciki, ya kai shi kan kanta zai tsayar, yatsunsa suka ture shi. Ya sake, suka sake turewa, ya gangara zai faɗi ƙasa. Ta tare shi da tafin hannu. Ta tsayar da shi kusa da nata, ta janye hannu.

Guntun ya tsaya.

Suka zuba wa guntayen biyu ido, kamar masu jiran ɗaya ya faɗi.

"Sa'a ce," in ji ta.

"Hassada ce."

"Kada ka yi murna da yawa. Yanka kawai ya iya, ba ya walda. Shekara ɗaya zai ƙara maka, in Allah ya so biyu. Ɗanka kuma zai dawo, ni ba na yi wa mutum babu sau uku."

"Shekara ɗaya ma shekara ce." Ya juya mayankin a hannu. "Me za a ba ki?"

"Yaushe bawa ya fara ciniki da uwargijiyarsa? Ɗauki ka ba ni wuri, kana kore mini masu saye."

Ya miƙe da ƙyar. Ya ɗauki tsumman da ya zo da shi, ya naɗe mayankin a ciki, ya maƙale a hammata. Ya nufi ƙofa.

"Kai, tsohon banza, ka manta tarkacenka."

"Ban manta ba."

Bai juyo ba. Ya dafa bango, ya sa ƙafa a matakala ta farko.

"Yanzu?" ta ce a bayansa. "Yanzu da idona ya mutu, bayana ya ƙage? In yanka me da shi, likkafanina?"

"Ki yanka harshenki, a huta."

Ya sauka ta biyu. Sai ya ji ƙarar ƙarfe a kan ƙusa. Ya waiwaya. Ta zaro baki ɗaya daga damin, mai ƙananan haƙora, ta ɗora a jikin zarton, haƙoran suna duban gaba, ta ɗaure, ta ɗan taɓa shi da farce ta saurari amonsa, yadda Kawu yake yi. Yatsunta sun zauna a lotsin ƙotar kamar su suka yi shi.

"Ba kin ce babu ba?"

"Na ce na mutane ne."

Dariya ta kuɓuce masa, gajeriya, mai tari a ƙarshe. Ya girgiza kai, ya sauka ta uku, ya bi hanyar layin baya, inda firijin mai kifi ke jiransa.