Lasisin Ofis na Dakta Sallau

Dakta Sallau likita ne, wannan ba mai musu. Takardar shaidarsa tana nan rataye a falo cikin gilashi, can sama da talabijin, inda baƙo zai fara cin karo da ita kafin ya ga mai gidan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun da ya gama bautar ƙasa aka ja shi ofis, yau shekara ashirin da biyu, bai ƙara cewa wani ya buɗe baki ya leƙa maƙogwaronsa ba. Aikinsa fayil, taro, sa hannu, da buɗe bita a otal. A nan kam ba wanda ya kama ƙafarsa. Har ya kai darakta, da mota da direba da kujerar nan mai juyawa, wadda yake so fiye da yadda ya kamata ɗan Adam ya so kujera.

Ana nan sai hukumar da ke ba likitoci lasisi ta ce kowa ya zo ya sabunta nasa. Mai son ci gaba da duba marasa lafiya zai yi gwaji, a kawo masa majinyaci a gaban manya ya nuna abin da ya iya. Wanda kuma aikinsa bai wuce tebur ba, an ware masa wani iri da ake kira lasisin ofis: sunanka likita yana nan, kujerarka tana nan, amma ba allura, ba rubuta magani, ba taɓa majinyaci. Kuma darakta ba ya zama babu lasisi. Da Dakta Sallau ya ji an ambaci gwaji sai ya fara neman hanyar kauce masa. Da ya ji batun lasisin ofis kuwa, a tsaye ya cike fom ɗin, ko zama bai yi ba.

Bayan mako biyu sai ga wasiƙa daga hukumar. Wani mai son ganin bayansa ya kai ƙara cewa duk ranar Asabar ƙofar gidan Dakta cike take da marasa lafiya, watau dai asibiti yake yi a ɓoye. Mai duba marasa lafiya kuwa ba a ba shi lasisin ofis. Saboda haka ko dai ya kawo wa kwamitin hukumar shaida daga cikin masu zuwa gidan, wanda zai tabbatar ba ya yi musu magani, ko kuma ya shirya wa gwaji.

To, maganar layin Asabar gaskiya ce. Kun san halinmu, in Allah ya ba dangi likita ɗaya, ƙauye gaba ɗaya ya sami likita. Tun da hantsi za su cika zaure, wannan da zabuwa a hammata, wancan da ƙwaryar ƙwai. Dakta zai fito da abin sauraren ƙirji rataye a wuya, wanda bai taɓa kai shi kunne ba. Ya saurari mutum yana gyaɗa kai, ya ce Allah ya sawwaƙe, sannan ya yago takarda ya rubuta wa wani ƙaramin likita a asibiti: "A taimaka a duba min shi, ɗan'uwana ne." Mutum ya je a duba shi, ya warke, ya koma ƙauye yana cewa ai aikin Dakta Sallau ne. Shi kuma Dakta bai taɓa gyara wa kowa zancen ba, don yabon yana yi masa daɗi.

Ya fara neman shaida da Malam Nomau, abokin marigayi mahaifinsa, wanda bai taɓa fashin Asabar ba.

"Baba Nomau, alfarma nake nema. Ka je gaban kwamiti ka faɗa musu ban taɓa ba ka magani ba."

Tsohon ya zabura. "Ni? In tsaya gaban manya in ce ba ka iya ba? Allah ya tsare ni da butulci! Ai ce musu zan yi hannunka ko gurgu ya taɓa sai ya tashi da gudu."

"Don girman Allah, Baba, kada ka faɗi haka. Kashe ni za ka yi."

"Kai dai kunya ta yi maka yawa, Dakta. Tun kana ƙarami ba ka son yabo."

Mutum bakwai ya nema, duk bakinsu ɗaya. Na bakwan ma alkawari ya yi zai ƙara da cewa Dakta ya taɓa yi masa tiyata, don dai a ƙara masa girma a wurin aiki. Dakta Sallau ya zauna ya yi tagumi. Yabon da ya yi shekaru yana tarawa, ga shi zai raba shi da kujera.

Saura kwana biyu kwamitin ya zauna, dole ya tuna da wadda yake gudun tunawa: Gwaggo Kuluwa, ƙanwar mahaifinsa. Babana take kiransa, don sunan ubanta ya ci, amma wannan bai taɓa sa ta rage masa ko kalma ɗaya ba. Duk ƙauyen ita kaɗai ce abin da ta gani shi take faɗa. Da direba ya je ya yi mata bayani, ba ta ko tambayi dalili ba, ta ce a jira ta ta ɗauko gwangwaninta.

Ranar zama, likitoci uku ne a bayan dogon tebur, shugabarsu wata dattijuwa, Farfesa Asabe. Gwaggo ta shigo tana ɗingishi, ta zauna, ta ajiye wani tsohon gwangwanin madara a gabanta.

"Mama, kin san wannan bawan Allah?" in ji Farfesa.

"Ni na goya shi, 'yar nan. Tun lokacin bayana yake ciwo, shi ma bai taɓa tambayar yadda yake ba."

"An ce yana yi wa mutane magani a gida."

"Wa? Babana?" Gwaggo ta yi wata dariya har da tafa hannu. Ta buɗe gwangwanin ta zazzage shi a tebur, takardu suka watse, wasu har sun yi ja don daɗewa. "Shekara goma sha ɗaya ina kai masa gwiwar nan. Ga abin da na samu. Ni ban iya boko ba, ku karanta."

Likitan da ke gefen dama ya ɗauki ɗaya ya karanta, ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta biyar. Duk magana ɗaya ce: a taimaka a duba min ita, gwaggona ce. Ya sa hannu ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa.

"Ko sau ɗaya bai taɓa gwada ki ba, Mama?"

"Kada in yi masa ƙarya, ina da kabari a gabana. Sau ɗaya ya taɓa ɗauko abin awon jinin nan, mai ɗan balo da ake matsawa. Ya ɗaura min a hannu, ya matsa, ya matsa, har yatsuna suka mutu. Ya ƙura wa agogon ido kamar mai jiran ya yi masa magana. Can ya ce, Gwaggo, batirin ya mutu. Da na je asibiti na ga irinsa a hannun wata nas, na ce mata 'yar nan, naki da batir? Ta ce Mama, ai wannan ba ya cin batir."

Wannan karon har Farfesa sai da ta cire tabarau ta goge ido. Dakta Sallau kuwa yana zaune yana sauraro. Daɗi yake ji, don kowace kalma ta Gwaggo tana ƙara kafa masa kujerarsa. Kunya kuma kamar ƙasa ta tsage ya shige, don ya san kafin Asabar labarin batir ya zaga ƙauye.

Ba su ko fita shawara ba. Farfesa ta ja fom ɗin ta sa hannu, ta ce a shekarunta na wannan aiki ba ta taɓa jin shaida mai ƙarfin wannan ba. Sannan ta juya ga Gwaggo.

"Mama, ki sanar da mutanen gida. Daga yau doka ta hana shi taɓa majinyaci. Ba allura, ba ƙwaya, ko awon jini."

Dakta Sallau ya ga in bai ce wani abu ba, da lasisi zai fita amma ba hula. Ya gyara zaman babbar riga, ya yi gyaran murya, ya sa fuskar jimami.

"Ranki ya daɗe, ba ƙaramar sadaukarwa ba ce wannan. Ƙasa ce ta buƙace ni a ofis. Na san marasa lafiya za su yi babban rashi, amma haka Allah ya tsara."

Gwaggo tana mayar da takardunta cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Rashin me, Babana? Shekara ashirin da biyu kana likita, sai yau ka ceci rayuka."